Ramin shadda da rijiyar maƙwabci: tattaunawar 'yan zaure

Sani Domayo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Ginin da nake yi a unguwar Domayo, a Marwa ta Kamaru, ya kai linta, saura bayan gida. Maginina ya ce a haƙa fos, wato tankin shadda na ƙarƙashin ƙasa, da ramin tsotsewa har sai an taɓo ruwa, wai in aka yi haka ko jikokina ba za su ga cikarsa ba, ba ni ba kiran motar kwashe shadda. To amma rijiyar maƙwabcina, wani dattijo da ya riga kowa zama a layin, tana bayan katangata. Jiya na auna da igiya, daga bakin rijiyar zuwa inda aka yi alamar ramin mita 9 ne. Gida huɗu ke ɗiba a rijiyar nan, mu ma nan za mu ɗiba kafin famfo ya iso, ga maiɗakina da tsohon ciki. Hankalina bai kwanta ba. Masu sani ku taimaka.

Bello Magini: Wa alaikumus salam Malam Sani. Maginin naka bai faɗi sabon abu ba, haka muka tarar ana yi, ni ma na yi wa mutane da yawa haka a unguwannin Dugoi da Jarengol. Ƙasa ai matata ce. Kafin ruwan ya yi tafiyar mita 9 a cikin yashi ya tace tas. Da abin yana kashewa da tuni Marwa ta zama kufai.

Hajiya Dije: Malam Bello, ka manta shekarar 2010 ke nan? Mu da muka yi jinyar masu amai da gudawa a shekarar ba mu manta ba. Malam Sani, ƙanena, kada ka yarda a taɓo ruwa. Ban yi karatun abin ba amma hankali ma ba zai ɗauka ba, a ce inda kake zuba ƙazanta da inda kake jefa guga ruwa ɗaya ne a ƙarƙashi.

Injiniya Musa Ngaundere: Salamu alaikum. Yaya Bello, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin nan yana da muhimmanci. Ƙasa tana tacewa, amma ƙasar da ke tacewa ita ce wadda ke sama da ruwa, wadda iska ke shiga tsakanin ƙwayoyinta. A nan ƙwayoyin cuta ke maƙalewa su mutu. Idan ka haƙa har ka taɓo ruwa, ka tsallake matatar ke nan gaba ɗaya, ka kai ƙazantar bakin tulu da hannunka. Dalilin da ya sa ramin ba ya cika shi ne abin cikinsa yana tafiya, kuma ba wani wuri yake tafiya ba sai inda ruwan ƙasa ya nufa. Duk rijiyar da ake ɗiba kullum tana jawo ruwan kewayenta zuwa gare ta. Domayo kuwa yashin mayo ne, wato na kogi, duk wanda ya ga yadda ake tona tsakiyar Mayo Kaliyawo da rani a samu ruwa a kusa ya san yadda ruwa ke yawo a irin wannan ƙasa.

Akwai kuma abu na biyu wanda ko matatar ba ta tare shi, shi ne nitrat. Shi nake so mu tsaya a kansa, don kusan ba a maganarsa a wajenmu.

Abba Kusiri: Injiniya mene ne kuma nitrat? Mu yi magana yadda kowa zai gane.

Injiniya Musa Ngaundere: Ka san takin yuriya da ake zuba wa auduga da masara? Abin da ke sa ganye ya yi kore shar a cikinsa sinadari ne da ake kira azot. Wannan azot ɗin yana cikin abin da muke fitarwa, kuma mafi yawansa, wajen kashi 80 cikin ɗari, a fitsari yake, ba a bayan gida ba. Babban mutum yana fitar da kilo 3 zuwa 4 a shekara. Buhun yuriya mai kilo 50 azot ɗin cikinsa kilo 23 ne. To lissafa gida mai mutum goma: kowace shekara kamar ana juye wajen buhu ɗaya da rabi na yuriya ne a rami ɗaya, mita 9 daga rijiya.

A cikin fos babu iska, don haka azot yana zama ne a matsayin amoniya, wannan warin da ke hawa kai. Fos tana riƙe dasƙararren abu da maiƙo, amma azot kaɗan ƙwarai take ragewa, kusan duka yana fita tare da ruwan. Da ya shiga ƙasa mai iska, wasu bakteriya na ƙasa sai su mai da amoniyar nitrat. Amoniya tana manne wa yumɓu, nitrat kuwa ba ya manne wa komai, duk inda ruwa ya bi yana biye da shi. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ruwa zai fito garau kamar hawaye alhali yana ɗauke da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya. In aka juya lissafin, kilo ɗaya na azot ya isa ya kai lita 90,000 na ruwa wannan iyaka. Fili mai mita 20 a 20, in aka yi ruwan sama milimita 800 irin na Marwa, duk abin da ya sauka a kansa lita 320,000 ne, kuma ɗan kaɗan ne ke nutsewa, saura ya gudu mayo ko rana ta shanye. Ba duk azot ɗin ke zama nitrat ba, wani yana tashi a iska, wani ƙasa mai laka tana cinye shi. Amma ka ga yadda lissafin yake a unguwar da kowane gida da raminsa.

Maman Fadila Garwa: Bari in shigo nan tunda abin ya zo wajen aikina, shekarata goma sha bakwai ina karɓar haihuwa. Malam Sani, kai na fi ji saboda cikin da ka ambata. Babba yana iya shan ruwa mai nitrat bai ji komai ba. Jariri ɗan ƙasa da wata shida, musamman watanni ukun farko, shi ne abin tsoro. A cikinsa nitrat yana juyewa ya zama nitrit, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Sai ka ga leɓe da dasashi da farce sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, yaro yana numfashi da sauri, ya yi laushi, ba ya kama nono. A fatarmu ba a saurin gani a jiki, sai an duba cikin baki. In yana gudawa haɗarin ya fi yawa. Tun 1945 wani likita a Amurka mai suna Hunter Comly ya gano haka a jariran da ake haɗa wa madara da ruwan rijiyar gona. Yana da magani a asibiti in an kai da wuri.

Abin da ke ci mini rai shi ne uwa mai ƙoƙari ita ce ke faɗawa. Ta ji an ce a tafasa ruwa, ta tafasa sosai ta dama madarar gwangwani. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta taɓa nitrat, ƙara masa ƙarfi ma take yi, tunda ruwa ke tashi tururi shi kuma yana nan zaune. Jabel, wato ruwan bilic, ma ba ya cire shi, haka tacewa da ƙyalle. Nonon uwa kuwa lafiya lau ne ko da uwar tana shan ruwan. Don haka nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba bauri, ba jiƙo. Na san kakanni ba sa son jin wannan, da su nake fama kullum.

Hajiya Dije: Maman Fadila, ni kaka ce kuma na ji. Amma ki san da zafin watan Afrilu na Marwa, ka ce wa tsohuwa kada ta ɗiga wa jinjiri ruwa, sai ta ce so kake ka kashe shi da ƙishi.

Maman Fadila Garwa: Inna, uwar za a ɗura wa ruwan, ita kuma ta yawaita ba shi nono. Nonon farko-farkon kowace shayarwa ruwa-ruwa ne, shi ke kashe ƙishi.

Bello Magini: To Injiniya, na ji. Amma kai ma ka ɗaure mu. Ka ce in an yi zurfi ƙwayoyin cuta su shiga ruwa. In ba a yi zurfi ba iska ta shiga nitrat ya fito. Gaba kura baya sayaki. To mutum ya daina shiga bayan gida ne?

Injiniya Musa Ngaundere: Wallahi Yaya Bello ka kama bakin zaren, wannan ita ce ainihin matsalar, kuma har a ƙasashen Turawa ita ta dame su. Amsar ita ce aikin hawa biyu ne. Hawa na farko kana son iska, don ƙwayoyin cuta su mutu, amoniya ta zama nitrat. Hawa na biyu kana son wurin da babu iska sam, amma akwai abin ci na bakteriya. Akwai wasu bakteriya da in suka rasa iska sai su koma shaƙar nitrat, su mai da shi iskar azot ta tashi sama, irin wadda ta cika sararin da muke shaƙa, ba ta cutar da kowa. Abin da suke buƙata kawai abinci, kuma abincin mafi araha shi ne garin katako da ɓarɓashin itace.

Wani malamin jami'ar Watalu ta Kanada, Will Robertson, shi da abokan aikinsa suka gwada wannan tun shekarun 1990. Suka binne garin katako a hanyar ruwan da ke fitowa daga fos, nitrat ya ragu ƙwarai, kuma da suka koma bayan shekara 15 suka tarar yana nan yana aiki. Ba inji, ba lantarki.

Ga yadda zan gina in ni ne. Fos mai ɗaki biyu, na farko ya ci kashi biyu cikin uku na tsawon, a yi mata daɓen kankare a ƙasa, a shafe ta ciki da siminti mai kyau don kada ta yi yoyo ko kaɗan. Wannan barin ramuka a jikin bulo da barin gindi ba daɓe da ake yi, shi ne mai da fos rijiyar ƙazanta. Bututun shiga da na fita a sa musu kai mai siffar T don kada maiƙo da tarkace su wuce. Maimakon rami ɗaya mai zurfi, ruwan ya fita ta bututu mai huji-huji a kwance cikin tsakuwa, a doguwar lamba marar zurfi, wato haƙa irin ta magudanar ruwa. Ƙarƙashin tsakuwar yashi mai tsabta kamar santimita 45. Ƙarƙashin yashin kuma wani santimita 45 na yashi gauraye da garin katako. Wannan hawan na ƙasa a shimfiɗa masa leda mai kauri ko a daɓe shi da yumɓu kamar kwano, yadda ruwa zai riƙa kwanciya a ciki sai ya cika ya tumbatsa ta gefe. Kwanciyar ruwan ita ke korar iska.

Bello Magini: Gara fa? A ƙasar nan ka binne katako? Kafin damina biyu ta mai da shi shuri.

Injiniya Musa Ngaundere: Tambayar mai aiki da hannu ke nan. Shi ya sa na nace a kan kwanon. Gara ba ta cin abin da ke nutse cikin ruwa, kuma itacen da ke nutse ba ya saurin ruɓewa, kamar gindin kwalekwalen da ya nutse a kogin Logon. In aka bar shi yana jiƙewa yana bushewa, gara da zafinmu za su gama da shi da wuri. Zafin kuma yana da amfaninsa, bakteriyar sun fi aiki da zafi, matsalar da Turawa ke samu lokacin sanyi mu ba mu da ita. Ni dai shawarata a bar wurin yadda za a iya buɗewa a sabunta, kada a zuba kankare a kai. Kuma a nemi garin katakon da ba a yi wa feshin magani ko fenti ba, ɓarɓashi mai ɗan kauri ya fi gari mai laushi don ba ya toshewa.

Alhaji Ɗanjuma Njamena: Ina biye da ku daga nan Waliya. Injiniya, naku mai sauƙi ne. Mu nan tsakanin kogin Shari da na Logon, in damina ta yi nisa ruwan ƙasa yana tasowa kusa. A ambaliyar 2022 na ga shaddodi sun cika sun haɗe da ruwan da ya shiga gidaje, kuma yawancinmu foraj na hannu muke sha, wato rijiyar burtsatse, wanda ake haƙawa da ƙarfin samari, ba zurfi sosai. Ina zan samu wurin jera waɗannan hawa-hawan naka?

Injiniya Musa Ngaundere: Alhaji, ranka ya daɗe, a irin wurinku ba ƙasa ake nufa ba, sama ake hawa. A tara ƙasa a yi tudu, a jera yashin da garin katakon a cikin tudun, ɗakin bayan gidan ma a ɗaga shi da matakala. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi, wadda ake kira Sphere, ta ce gindin rami ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, kuma nesa da rijiya mita 30. Ruwan da za a auna da shi kuwa na ƙarshen damina ne, wajen Satumba ko Oktoba, ba na rani ba. Mutane da yawa suna haƙa a watan Maris su ce ramin a bushe yake, damina ta zo ta sha kansa. Foraj ɗinku kuma a duba ko an zuba siminti a kewayen bututun daga sama zuwa 'yan mitoci. In ba a yi ba, ruwan sama-sama mai datti yana bin jikin bututun ya gangara, zurfin bai amfana komai ba.

Abba Kusiri: Mita 30? Filin gidanmu duka bai kai mita 20 ba. Wannan ƙa'idar ta masu gona ce.

Sani Domayo: Abin da ke raina ke nan. Nawa mita 15 a 20 ne. Ko na kai ramin ƙarshen fili, daga rijiyar bai wuce mita 24 ba, kuma can ɗin ma bayan katangar wani ne.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni baƙo ne a Garwa, sana'ar albasa ta kawo ni, amma bari in faɗi abin da na gani da idona a gida. Injiniya ya ce kashi 80 na abin nan a fitsari yake. To me ya sa za a zuba shi rami tun farko, sannan a zo ana wahalar cire shi? A wajen Agiye cikin jihar Maraɗi an yi wani shiri da aka koya wa manoma tara fitsari a jarka, a rufe ta ruf a ajiye wata ɗaya ko fiye, sannan a zuba a gindin shuka. Har suna aka sa masa, takin ruwa. Na ga gonar hatsi da aka zuba wa da wadda ba a zuba ba gefe da gefe, ba sai an gaya maka wace ce wace ba. Akwai dutsen tsuguno da ake yi mai hanya biyu, fitsari ya bi ta gaba zuwa jarka, saura ya faɗa baya. Ga rijiya ta tsira, ga kuɗin yuriya ya ragu.

Hajiya Dije: Subhanallah, fitsari a abinci? Wannan kam sai Malam ya yi magana.

Malam Abubakar: Bismillah. Tun ɗazu nake karantawa. Abu biyu zan ce.

Na farko, Hajiya, fitsarin ɗan Adam najasa ne, babu saɓani, wanda ya taɓa shi sai ya wanke jiki da tufa kafin salla. Amma malamanmu na Malikiyya sun lissafa shukar da aka shayar da najasa cikin abubuwa masu tsarki, a wanke abin da ya taɓa ta waje kawai. Don haka hatsin ba shi da laifi. Ƙyama dabam, hukunci dabam.

Na biyu shi ne wanda ya tsaya mini tun da Injiniya ya ce abin nan ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Mun koya tun muna yara cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin ɗaya cikin ukun nan bai canza ba. Wannan hukuncin alwala ne da wanka, kuma yana nan daram. Kada wani ya ɗauke shi ya ce tunda ruwan ya halatta a yi alwala to ba ya cutarwa. Babin cuta dabam ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma ya hana yin bayan gida a mashayar mutane da kan hanya da inuwa. Wanda ya sani sarai cewa raminsa yana zuba a rijiyar maƙwabci, ya ci gaba don gudun kuɗin motar kwasa, ina jiye masa tsoro. Malam Sani, Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ka haƙa.

Sani Domayo: Amin, Allah gafarta Malam.

Hajiya Dije: Na karɓi hukuncin Malam, amma ni dai ba zan ɗauki jarkar ba. Kuma ku maza kuna ta shadda shadda, ba wanda ya ambaci turke. Gida nawa ne ake ɗaure tumaki da saniyar kiwo dab da rijiya don sauƙin ban ruwa? Fitsarinsu ina yake zuwa? Ga kwatamin wanki da ke kwance a gindin rijiya shekara da shekaru.

Injiniya Musa Ngaundere: Hajiya ta yi gaskiya, saniya ɗaya ta fi mutane da yawa fitar da azot. A matsar da turke, a riƙa kwashe taki ana kai gona, a yi wa rijiya daɓen siminti kewaye da magudana da murfi. Maganar Ɗan Maraɗi kuma ita ce mafi ƙarfi a duk abin da aka faɗa yau, a wurin da fili ya yi kaɗan. Ko ba a yi dutse mai hanya biyu ba, a yi wa maza da yara maza wurin fitsari dabam mai zuwa jarka, an rage kaya mai yawa. Wanda ba shi da gona, masu lambun albasa na Meskin, kusa da Marwa, suna nan. Sai dai a kula, takin ruwan ma in aka tuttula shi wuri ɗaya ko aka zuba inda babu shuka, nitrat ɗin dai zai koma ƙasa. Saiwa ce ke ɗauke shi.

Shi ya sa ma nake son lamba marar zurfi. A dasa ayaba ko gwanda ko jema a gefenta, saiwarsu ta sha rabonta. Ban da darbejiya, duk da ita ce adon Marwa, saiwarta tana shiga bututu ta toshe shi. Ruwan wanka da na wanki kuma a raba su da fos, a yi musu tasu 'yar lambar, don yawan ruwa shi ke tura ƙazanta ƙasa da sauri kuma ya cika fos ba dalili.

Bello Magini: Zan faɗi gaskiyar abin da ke sa mu haƙa da zurfi, don kada a ɗora mana laifin duka. Mai gida ne ke cewa ba ya son ganin motar kwasa a ƙofarsa, ga kuɗi ga kunya. In na yi masa fos mai daɓe ta cika bayan 'yan shekaru, sai ya bi gari yana cewa Bello bai iya aiki ba. Wanda ya huda masa ƙasa shi ne gwani. Kuma wata motar in ta kwasa, bayan gari take zuwa ta juye a fili ko a bakin mayo. To me aka yi?

Injiniya Musa Ngaundere: Ban musa ba Yaya. Fos ta gari dole a kwashe ta duk bayan shekara uku zuwa biyar, wannan alamar tana aiki ce. Wanda ba ya son mota kuma gidansa ba mai yawan ruwa ba ne, akwai rami biyu marasa zurfi da ake amfani da su bi da bi. Ɗaya ya cika a rufe shi da ƙasa a koma ɗayan, bayan shekara biyu abin ciki ya zama baƙar ƙasa da za a iya kwashewa da shebur a kai gona. Maganar inda motoci ke juyewa kuwa ta fi ƙarfin gida ɗaya, ta masu unguwa da ma'aikatar magajin gari ce, kuma ya kamata mu riƙa tayar da ita a taron unguwa.

Abba Kusiri: To ta yaya mutum zai san ko rijiyarsa ta riga ta kamu?

Injiniya Musa Ngaundere: Akwai 'yar takardar gwaji kamar tsinken ashana, a tsoma a ruwa a jira minti ɗaya, ta canza launi a gwada da jadawalin jikin kwalbar. Ba ta kai ta ɗakin gwaji daidaito ba, amma za ta nuna maka ko kana ƙasa da 50 ko ka wuce. A gwada sau biyu, da rani da ƙarshen damina. Kuma in nitrat ya yi yawa a rijiyar cikin gari, ka ɗauka manzo ne, hanyar da ya biyo ƙwayoyin cuta ma za su iya biyowa. Irin wannan rijiya a bar ta ga wanki da ban ruwan shuka, na sha a nemo daga famfo ko foraj mai zurfi da aka gwada.

Maman Fadila Garwa: In an zo gwajin a fara da gidajen da ke da masu jego.

Sani Domayo: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Bayan la'asar na shiga wajen dattijon na karanta masa abin da kuka rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ce shekarun baya ruwan rijiyar ya fi haka daɗi, kuma shi ma tasa shaddar ba ta da nisa da ita, tun ginin farko. Ya ce a gwada ruwan, in za a kawo takardar shi zai biya. Mun kuma duba gangaren layin, ruwan sama yana bi ne daga wajensa zuwa ƙarshen filina ta gefen mayo, don haka can zan mai da bayan gidan, ƙasa da rijiyar. Gidan da ke bayan wancan katangar famfo suke sha, ba su da rijiya, na tambaya. Na gaya wa maginina ba za a taɓo ruwa ba. Bai ji daɗi ba, ya ce bai taɓa yin mai garin katako ba.

Bello Magini: Ni ma ban taɓa ba. Injiniya turo zanen da awon a nan, ka rubuta da santimita. Malam Sani, in maginin naka ya yarda zan zo ranar Asabar mu yi tare, ina so in ga yadda kwanon yumɓun nan zai riƙe ruwa. Akwai masu yankan katako kusa da ni, zan tambaye su buhu nawa za su iya tara mana kafin ranar.

Injiniya Musa Ngaundere: Zan zana yau da dare in sha Allah. Malam Sani, turo mini yawan mutanen gidan, da ko bayan gidan na zuba ruwa da buta ne ko mai tanki, sannan ka tambayi dattijon igiyar guga gaba nawa take kaiwa ruwa a watan Satumba.